Yashin Kabarin Kelepi

Litinin, 3 ga Nuwamba, ƙarfe shida na safe

Na wanke takalmana na coci sau biyu. Har yanzu in na buga su a dutse yashi na zubowa.

Jiya ban yi rubutu ba. Kaina ne ya yi ciwo, abin da na aika wa matan ajinmu ke nan, shi ya sa ban koma sujadar yamma ba. Shekara ashirin da shida ina jagorantar ajin mata a cocinmu, ban taɓa fashin sujada ba sai lokacin da na haifi Talahiva.

Kabarin mijina Kelepi ya yi kyau. Iyakar abin da zan rubuta ke nan. Na lulluɓe shi da babban mayafin ɓawon itace da uwata ta bar mini, na danne gefunan da duwatsu. Ba za a buɗe ba sai ashirin da biyu ga wata, ranar da zai cika shekara, in yayarsa Pisila ta iso daga Auckland.

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Talahiva ta dawo daga bakin teku da littafin kwamitinsu a hammata, ba ta ci rogon da na ajiye mata ba.

Ita ce magatakardar kwamitin matasa. Wata uku ke nan da suka matsa wa taron gari lamba har aka hana ɗiban yashi a gaɓar da ke ƙasan makabarta, wai teku na cin ƙasa, kowane baro da aka ɗiba kuma taimaka mata aka yi. Mai gari Motekiai ya ce to, a gwada, yara su yi gadi su rubuta abin da suka gani. Ranar ashirin da ɗaya za a sake zama: ko dokar ta tabbata, ko a watsar da ita. Sun kafa turaku goma sha biyu masu jan fenti, kowace Litinin suna auna inda ruwa ya kai.

Ta ce mini, "Losa, an ɗebi yashi. Rami ne har gwiwa. Turke na bakwai ma ya faɗi, ruwa ya tafi da shi."

Na ce, "Mutane ba su da tsoron Allah."

Da bakina na faɗa. Ta dube ni, ta dubi takalman da ke shanye a kan dutse, ta shiga ɗaki.

Talata, 4 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai na yamma

Ajin mata. Na yi musu darasi a kan Hananiya da matarsa, waɗanda suka ɓoye rabi suka ce duka ne. Tun watan jiya na tsara shi, ba yadda zan canza. Na yi wa 'yar Sisilia, ɗaya daga cikin matan ajin, faɗa a kan siket ɗinta, ya yi gajarta. Ya yi gajarta ɗin kuwa.

Laraba, 5 ga Nuwamba, ƙarfe tara na safe

Ya kamata wani ya san yadda kabarin nan yake kafin a yanke wa kowa hukunci. Ruwan sama na watan Satumba ya wanke tudun ya kwanta. Wani ɗan uwansu ya ɗauki hoto ya tura wa Pisila. Ta kira ni a waya, ba ko gaisuwa:

"Losaline, wannan kabarin ƙanena ne, ko kunyar dankali ce alade ya tone?"

Na ce yara sun hana ɗiban yashi a gaɓar nan, sai dai a yi hayar kwalekwale a je bayan tsibiri, can kuma yashin toka-toka ne, duk ɓawon katantanwa.

Ta ce, "Yara? 'Yarki ce ke mulkin gidan yanzu? Ubanmu da kakanmu da farin yashin gaɓar nan aka rufe su. In na sauka na ga ƙanena cikin toka, ki san abin da za ki gaya mini a gaban dangi."

Yayar miji ba a mayar mata da magana. Ni na koya wa Talahiva haka, na koya mata ta zauna ƙasa in gwaggonta ta shigo. To me ake so in yi?

Ba ina wanke kaina ba ne. Ina faɗin yadda aka yi ne kawai.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, ƙarfe ɗaya na rana

Sun bi sawun baron. Tayarsa na da faci, tana barin alama kamar gicciye kowane taku biyu. Duk garin nan an san baron Hopoate ne.

Hopoate maƙwabcinmu ne, tsoho, yana ɗingishi, ba ɗan cocinmu ba ne. Kullum yana majalisar masu shan kava, jiƙon saiwar nan mai sa maye, yana kuma gina sabon garken aladu da siminti. Ba wanda ya sha wahalar yarda cewa shi ne. Baronsa a jikin shingenmu yake kwana, kowa na ara ba ya tambaya.

Asabar, 8 ga Nuwamba, ƙarfe goma na safe

Ina share ganyen kwakwa a tsakar gida ya leƙo ta kan shinge.

"Uwar coci, an tashi lafiya? Ya ciwon kan?"

Na ce da sauƙi.

"Madalla. Ni ma barona ne ba shi da lafiya. Na ajiye shi ran Asabar fuskarsa na duban gabas, ran Litinin na tarar yana duban yamma, cikinsa a wanke tas. Tun da na saye shi bai taɓa wanka ba. Na ce ko tuba ya yi ya tafi cocinku aka yi masa baftisma."

Na ce masa ba a wasa da abin Ubangiji.

Ya ce, "Haka ne, uwar coci. Ke kika fi mu sani." Ya yi dariya ya tafi yana jan ƙafarsa.

Ya sani. Bai faɗa wa kowa ba. Mutumin da na hana Talahiva cin abincin gidansa tana ƙarama, don na ce mashayi ne.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Na je sujada uku. Na rera waƙa.

Litinin, 10 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Yau a barandarmu kwamitin ya zauna, ina kicin ina ɓare gwaza, bango ɗaya ne tsakaninmu. Su tara. Shugabansu Penisimani ne, mai koyarwa a firamare, shekararsa ashirin da huɗu, har yanzu bai iya zama ba tare da waya a hannu ba.

Ya ce mai gari ya kira shi. Dattawa sun ce in yara ba za su iya faɗin wanda ya ɗebi yashi a gaban idonsu ba, to gadinsu wasa ne, littafinsu ma wasa ne, ranar taro za a soke dokar kowa ya huta. Don haka a rubuta sunan Hopoate. Wata ta ce ai ba yashi kaɗai ba ne, ran Asabar da magariba turken na tsaye, ran Litinin da asuba babu shi, ke nan mutumin ranar hutun Ubangiji ya yi aiki, wannan kuwa maganar 'yan sanda ce, don dokar ƙasarmu ta hana aiki ran Lahadi.

Wuƙa ta yanke ni a babban yatsa. Ban yi motsi ba.

Talahiva ta ce ba za ta rubuta sunan wanda ba a gani da ido ba.

Penisimani ya ce, "Ke shinge ɗaya ne tsakaninku da shi. Ba ki ga komai ba? Ba ki ji ƙarar baro ba?"

"Ina coci."

"Da kika dawo fa? Ba wata alama? Ba ki zargin kowa?"

Ta ce, "Ban ga komai ba. Ba na zargin kowa."

Muryarta ko rawa ba ta yi ba. Wannan ne ya fi ci mini rai. Da ta yi in'ina da na ce sabon shiga ce.

Talata, 11 ga Nuwamba, ƙarfe shida na safe

Tana da shekara bakwai ta ɗauki alewa ɗaya a kantin Sinawa ta ce ba ta aka yi. Na sa ta taka da ƙafa cikin rana ta mayar, rabi a tsotse, ta faɗa da ƙarfi a gaban masu sayayya abin da ta yi. Kelepi ya ce na yi tsanani. Na ce masa gidana ba a kwana da ƙarya.

Jiya ta kwana. Ni ma na kwana.

Alhamis, 13 ga Nuwamba, ƙarfe uku na rana

Ta bar littafin a kan tebur ta tafi wanka. Ban taɓa buɗe kayanta ba tun da ta gama sakandare. Na buɗe.

Ban san haka suke aiki ba. Kowane turke da shafinsa, kwanan wata, awon ruwa, har da zanen gaɓar da fensir. Ta je gida-gida ta tambayi tsofaffi inda ruwa yake tsayawa a zamaninsu. Ga sunan Kelepi ma, tun bara, watanni kafin ya rasu: ya ce yana yaro akwai layin kwakwa biyu tsakanin makabarta da teku, a nan suke buga ƙwallo. Yanzu kututture uku ne a cikin ruwa. Ban san ta tambaye shi ba. Ni lokacin cewa nake yi ta bar yawon bakin teku da samari ta zo ta koyi saƙar tabarma.

A shafin turke na bakwai ta rubuta: An ɗebi kimanin baro tara. Ba a san wanda ya ɗiba ba.

Tara ne cif. Ta iya aikinta.

Juma'a, 14 ga Nuwamba

Ba ta ce mini komai ba, ban ce mata komai ba. Mun ci kifi.

Asabar, 15 ga Nuwamba, ƙarfe biyu na rana

An yi wa Hopoate jan fenti a jikin garken aladunsa, lamba bakwai, ƙatuwa. A kanti matar mai gari ta ce wai ba za a ba shi kwano a majalisar kava ba sai an gama taro. Ta juyo gare ni ta ce, "Ke da kike maƙwabtaka da shi, Allah ya ba ki haƙuri." Na ce amin.

Iyayen yaran da suka yi fentin nan ba su iya tarbiyya ba. Na ɗauki biro zan rubuta sunayensu don in yi musu magana a coci, sai na ajiye.

Lahadi, 16 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

Daidai wannan lokacin ne, mako biyu da suka wuce.

Gari shiru, an ci abincin tanderun ƙasa an ƙoshi, tsofaffi na barci, sauran na coci. Ba kwalekwale a ruwa, ba yaro a bakin teku, don mu iyaye mun hana. Ranar kaɗai ce a mako da ba mai gadin gaɓa, saboda ba wanda ya taɓa tunanin akwai mai iya ɗaukar shebur a cikinta. Ni na yi tunanin. Da kayan coci na fita, don in wani ya hango ni a hanya ya ɗauka makara na yi. Ina jin muryar Talahiva a cikin mawaƙa, iska na kawo ta, ina loda baro na shida.

Ban ture turken ba. Na haƙa kusa da shi ne don yashin wurin ya fi fari, sai ya jingina, ya kwanta. Na gan shi. Ban tsaya tayar da shi ba, an kusa fitowa.

Na rubuta. Ga shi nan.

Talata, 18 ga Nuwamba, ƙarfe takwas na safe

Ina ɗaura mata tabarmar ƙugu, wadda muke ɗaurawa a kan tufafi don girmamawa, za ta ofishin mai gari, na ce, "Talahiva."

Ta ce, "Kar ki faɗa, Losa."

"Ba ki san abin da zan ce ba."

"Na sani. In kika faɗa mini, ni magatakarda ce, dole in rubuta. In ba ki faɗa ba, ban sani ba."

Na ce, "Dokarku fa?"

"Za ta faɗi. Mu sake nema baɗi."

"Hopoate fa?"

Ta ja igiyar daga hannuna ta ɗaure da kanta. "Na je na kankare masa fentin jiya. Ya ba ni ayaba." Tana bakin ƙofa ta ƙara da cewa, "Za su cire ki daga ajin mata. Za su yi ta faɗa har ki mutu. Ba zan iya ba."

Na ce mata ni ban haifi maƙaryaciya ba. Haka na ce mata. Ni.

Ta ce, "To."

Laraba, 19 ga Nuwamba, ƙarfe shida na yamma

Jirgin ruwa ya iso, Pisila ta sauka da akwati huɗu da furannin roba na kabari. Daga tasha ta ce a wuce da ita makabarta. Ta ɗaga gefen mayafin da sandarta, ta ga farin yashi, ta sauke.

"Ashe kina da hankali, Losaline."

Shekara talatin ina jiran kalma mai daɗi daga bakin matar nan. Yau ta zo.

Talahiva na tsaye a bayanmu riƙe da jakar gwaggonta, tana duban teku.

Alhamis, 20 ga Nuwamba

Gobe.

Juma'a, 21 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Na ɗaura tsohuwar tabarmar makoki, babbar, mai yagaggen baki, wadda take rufe ni har kafaɗa. Pisila ta ce taron gari ne ba jana'iza ba. A karo na farko ban amsa mata ba.

Zauren ya cika. Maza a gaba, mu a baya, yaran kwamiti a gefe kusa da ƙofa. Hopoate shi kaɗai a jikin ginshiƙi, an bar fili kewaye da shi. Talahiva ta karanta awon wata uku, turke bayan turke. Ta yi kyau, ba ta yi sauri ba. Da ta zo na bakwai mai gari Motekiai ya ɗaga hannu.

"'Yata, wa ya ɗiba?"

"Ba a sani ba, ranka ya daɗe."

Wani dattijo ya ce, "To mu da muka sani fa? A tambayi alade, ya san wanda ya gina masa ɗaki." Aka yi dariya. Mai gari ya juya ga Hopoate ya ce ko yana da magana. Hopoate ya ce shi dai baronsa ya girma, ba ya gaya masa inda yake zuwa.

Mai gari ya ce to, tunda gadin yara bai kama kowa ba, yana ganin dokar nan…

Ban san lokacin da na fara rarrafe ba. Daga baya har gaba, a kan gwiwa, tabarmar na kama ƙafafun mutane. Na zauna a gabansa na sunkuyar da kai. Na ce ni ce. Na ce baro tara. Na ce yana kan kabarin Kelepi a ƙarƙashin mayafi, duk mai so ya je ya ɗaga. Na ce Hopoate bai san an ɗauki baronsa ba.

Wani ya ce, "Wace rana?"

Duk sun san ranar. So suke su ji daga bakina. Na ce Lahadi, lokacin sujadar yamma.

Na ji Sisilia ta ja numfashi a baya. Ita da 'yarta mai gajeren siket.

Mai gari ya ce, "Magatakarda, rubuta."

Talahiva ba ta rubuta ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, akwai gyara tukuna. Na rubuta ba a sani ba. Na sani tun ran Litinin ɗin farko." Ta ja layi a kan rubutunta a gaban kowa. Sannan ta faɗi abin da take rubutawa da ƙarfi, yadda suke yi. Tun tana koyon magana Losa take ce mini. Yau ta ce, "Losaline, matar marigayi Kelepi. Baro tara."

An daɗe ana gardama. Wasu suka ce ga shi nan, yara na rufa wa nasu asiri. Sai Hopoate ya nemi izini, ya ce shi bai yi makaranta ba, amma shekararsa saba'in a garin nan bai taɓa ganin dattijo ya karanta sunan uwarsa a zauren nan ba, in akwai wanda ya taɓa yi ya ɗaga hannu. Ba wanda ya ɗaga.

Dokar ta tabbata. An karɓe littafin daga hannun Talahiva an ba wata yarinya, na shekara ɗaya. Ta miƙa shi da hannu biyu.

Asabar, 22 ga Nuwamba, ƙarfe uku na rana

An buɗe kabarin. Fari tas, yana ɗaukar ido. Ba wanda ya ce ya yi kyau. Pisila ta jera furanninta, ta koma gidan ƙanwarta da akwatunanta.

Fasto ya zo da kansa. Ba za a kai maganar gaba ba. Sisilia ce za ta riƙe ajin mata. Na ba shi makullin akwatin littattafan waƙa.

Na dafa doya da kifi na kai wa Hopoate. Ya ce, "Uwar coci, a gidan mashayi?" Na ce ya karɓa ya yi shiru. Ya karɓa, bai yi shirun ba.

Litinin, 24 ga Nuwamba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Hukuncin da kwamitin ya yanka mini: in sake kafa turke na bakwai da hannuna, in kuma riƙe musu igiyar awo kowace Litinin har ƙarshen damina. Yara ne suka yanka mini hukunci. Na je.

Talahiva ta zo duk da ba littafi a hannunta. Ba a iya kafa turken a inda yake ba, wurin ruwa ne yanzu. Ramin da na haƙa ya buɗe ya zama kwari, cikar teku ta bi ta cikinsa ta ci gefen tudun. Penisimani ya nuna mini sabon wuri, can sama, inda ruwa ke tsayawa yanzu. Na buga turken da dutse har hannuna ya yi kanta.

Aka ba ni bakin igiyar aka ce in tsaya a jikin turken. Talahiva ta ja ɗaya bakin ta hau tudu, ta tsallake shingen makabarta, ta tsaya a kabari na farko. Ban taɓa lura ba cewa nasa ne na farko daga teku.

Na ce, "Nawa?"

Ta ce, "A watan Agusta taku goma sha tara ne."

"Yanzu fa?"

"Sha huɗu. Ja igiyar sosai, Losa, ta yi sako-sako."

Na ja.